Motar yasar masai tana son juyewa a gonarmu: mu yarda ko mu ƙi?

Malamin Firamare, Dundaye

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san noma da waɗanda suka san harkar lafiya, don maganar ta raba kan gidanmu.

Gonaki biyu muka gada. Ɗaya fadama ce a gefen Kwalkwalawa, inda muke noman rani. Albasa ce babba, sai karas da latas da ɗan kabeji da ake kaiwa kasuwa cikin gari. Ɗayar ta tudu ce a hanyar Kware, jigawa zalla, gero da wake kawai take yi, su ma sai an ƙoshe ta da taki. Kowa ya san inda kuɗin buhun yuriya ya kai. Takin shanu kuma da a da Fulani ke bar mana idan sun yi zango bayan girbi, yanzu saye ake yi, amalanke-amalanke.

To akwai wani direban motar yasar masai, irin mai tanki da mesa ɗin nan da ke zuƙe sokawe a gidajen Arkilla da Mabera da Runjin Sambo. Shi ya samu yayana da kansa. Ya ce kullum damuwarsa inda zai juye, in mun yarda zai riƙa kawowa gonarmu, kuɗin mai kawai za mu ba shi. Ya ce akwai manoman da ke kiransa da rani, har layi ake yi.

Yaya ya amince nan take. Hujjarsa ita ce zafin bazarar Sakkwato ba ya barin komai da rai, in an zuba a watan Maris kafin ruwan farko ya zama ƙasa. Har yana so a kai wani fadama, don ita ce mai kawo kuɗi. Inna kuwa ta ce in dai aka zuba najasar mutane a gonar, ba za ta ƙara cin tuwon geron ba. Ni ina tsakiya. Ina ganin amfanin, amma ranar da na bi ta inda wata motar ta juye a bakin hanya, ƙudan da na gani da ledoji da tsummokaran da suka fito ciki sun sa jikina ya yi sanyi.

Abin da nake son sani: rana kaɗai ta isa ta kashe cutar da ke ciki? Ƙarfinsa ya kai a ce ya maye gurbin takin zamani? Sannan a addinance ya halatta a ci amfanin gonar, kuma ya halatta a biya kuɗi a kansa?

Noma Tushen Arziki

Wa alaikumus salam. Malam, mi za a ji ma tsoro? Mu nan wajen Wamakko mun daɗe muna yi. Inda anka zuba, hatsi baƙi ƙirin shika tashi, zangarniya awa damtse. Inda ba a zuba ba kau kana gani da ido, ja-ja, ƙanana. Da rani munka saba zubawa, mu bar shi shi bushe, in ruwa ya sauka a yi huɗa a rufe. Wari kwana kaɗan na, shi wuce. Kakanninmu ma da takin bayan gari sunka yi noma, ba mu ji wanda ya mutu ba. Ka ce ma Inna ta kwantar da hankalinta. Ledoji dai ad damuwa, sai ka sa yara su tsince.

Tsohon Duba-gari

Malam, sannu da ƙoƙari, gara da ka tambaya kafin motar ta juye. Na yi aikin duba-gari har na yi ritaya, kuma wannan rigimar ta masu yasa da inda za su zubar ta girmi da yawa daga cikinku.

Mai magana a sama bai yi ƙarya ba game da gero. Taki ne na gaske. Amma maganar a sa yara su tsince leda a cikinsa, don Allah kar a yi.

Garin nan ba shi da bututun ƙarƙashin ƙasa da ke tattara najasar gidaje ya kai wuri ɗaya a tace. Kowane gida da shaddarsa ko sokawensa, in ya cika a kira mota ko masu yasa da bokiti. Don haka abin da direban zai kawo maka ɗanye ne, babu wanda ya taɓa sarrafa shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sauran laka. Cikin lakar nan akwai ƙwayoyin kwalara da taifot da na ciwon hanta mai sa shawara, sannan akwai ƙwan tsutsar ciki.

Yayanka yana da rabin gaskiya. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa jure bushewa da zafin rana, cikin makonni yawancinsu sun mutu. Ƙwan macijin ciki ne matsalar. Mace ɗaya a cikin hanjin mutum tana zuba ƙwai wajen 200,000 a yini, kowanne da ɓawo mai tauri kamar ƙwallon goruba, kuma yana iya shekaru a cikin ƙasa mai laima da ransa. Rana tana ƙona wanda ke sama. Amma je ka ɓamɓare ɓawon lakar da ta yi wata guda a fili, za ka tarar ƙarƙashinta da danshi da sanyi. Nan ƙwan yake kwance. Ranar da aka yi huɗa aka rufe shi, an kai shi inda ya fi so. Wanda ya ce ba a ji wanda ya mutu ba, ai tsutsar ciki ba ta cika kashewa a ga gawa ba. Yaro ne za ka gani da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, ba jini, ba ya girma, a ce maita ce ko shawara.

Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, da ƙwan tsutsa ake auna ko takin ya yi: kada ya wuce ƙwai ɗaya a giram ɗaya na busasshen taki. Hanyoyin kaiwa can da talaka zai iya guda biyu ne. Ko dai a ajiye shi a bushe fiye da shekara ɗaya a yanayi mai zafi irin namu, ba a ƙara sabo a kai, ko kuma a dafa shi da zafin ruɓewa.

Ga yadda ake na biyun. Ka fara raba laka da ruwa. A gefen gonar tudu, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a yi fage mai ɗan gangare da bango gajere, a shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, yashi a sama. A bakin da mesa za ta zuba a sa ragar ƙarfe ta tare leda da tsumma da ƙunzugun yara, a kwashe da cebur a ƙone ko a binne. Kada kaurin abin da aka zuba ya wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi. Da zafin nan namu, cikin mako biyu zai tsattsage ya ɗago. Ruwan da ya tsiyaye ta ƙasa shi ma najasa ne, a yi masa rami ya shige, ba a ban-ruwa da shi.

Sai ka haɗa kaso ɗaya na busasshiyar lakar da kaso biyu zuwa uku na kayan da za su ruɓe: kashin shanu, sharar kayan gwari ta kasuwa, yankakken kara, ɓuntun shinkafa. Ɓuntu kaɗai ba ya yi, yana da jinkirin ruɓewa, amfaninsa shi ne ya bar iska ta shiga. A tara tsibi ya kai ƙirji, a yayyafa ruwa har in ka matsa a hannu, da safar roba, ya dunƙule amma bai ɗiga ba. Cikin kwanaki kaɗan cikinsa zai ɗauki zafi. Hukumar Lafiya ta ce ya haura digiri 50 na aƙalla mako guda. Dokar Amurka ta 1993 ta fi tsanani: digiri 55 na kwana 15, a juya tsibin sau 5 a cikin kwanakin, don na gefe ya shiga tsakiya ya dahu shi ma. Ni ta Amurkan nake ba mutane shawara, don gefen tsibi kullum sanyi gare shi. Bayan nan a bar shi ya huce ya nuna. Gaba ɗaya ka ƙiyasta wata uku. In ya yi, baƙi ne, yana warwarewa, ƙanshin ƙasar damina yake yi.

Fadama kuwa, amsata a'a ce, ɗanye ko rabin dafaffe. Latas da karas da kabeji ɗanyu ake cin su, albasa ma ana yanka ta ɗanya a kan tsire da ƙosai. Ruwan fadama yana kusa, rijiyar burtsatsen da kuke ban-ruwa da ita ba ta da zurfi, kuma ma'aikata daga bakin tiyo suke sha. Sannan kogin Rima yana cika. Wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ya san duk abin da ka ajiye a Kwalkwalawa, wata rana kogi zai raba wa mutanen Wamakko da na gaba da su. Gero kuwa zangarniyarsa tana sama, ba ta taɓa ƙasa, kuma sai an dafa. A can haɗarin yana kan masu aiki ne, ba masu ci ba.

Batun ƙarfi, kada direba ya cika maka baki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke ciyar da shuka. Takin da ka dafa, in ya yi kyau, naitirojin ɗinsa bai fi kashi 2 cikin 100 ba, wato sai ka tara wajen tan guda kafin ka kamo buhu ɗaya, kuma a hankali yake sakinsa. Inda ya fi yuriya shi ne yana kawo fosfaras, wani sinadarin da shuka ke buƙata, kuma yana ba jigawa jiki ta riƙe ruwa, abin da takin zamani ba ya yi ko buhu nawa ka zuba. Zai rage maka sayen buhu, ba zai hana ka saye ba.

Maman Ɗalibai

Baba Duba-gari, Allah ya saka da alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni ce mai sayen latas ɗin nan ina yi wa yara kwaɗo. Wanda ya yi aiki a asibiti a daminar 2021, lokacin da amai da gudawa ya ratsa jihohin arewa har da namu, ba zai so ya ji ana maganar zuba ɗanyar najasa kusa da kogi ba. Kar garin neman gira a rasa ido.

Abin da nake so in ƙara, masu aikin gonar. Yawancin 'yan ƙwadago ba takalmi suke shiga, kuma akwai tsutsar da ta fatar ƙafa take shiga jiki ta riƙa shan jini. In za ku yi, Malam, ku saya musu takalmin roba da safar hannu, a ajiye buta da sabulu a bakin gona, kada a ci abinci a wurin, kuma duk wanda ya taɓa aikin ya sha maganin tsutsa lokaci-lokaci. Albendazol ba shi da tsada. Yara kuma ko kusa.

Almajirin Zaure

Allah shi gafarta malamai, ga ɗan abin da muka karanta, gyara na wurinku. A mazhabarmu ta Malikiyya, shukar da aka shayar da najasa tsarkakakkiya ce. Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa ta cikin abubuwa masu tsarki, sai dai a wanke abin da ya taɓa jikinta daga waje. Don haka tuwon geron halal ne, a faɗa wa Inna. In kuma ranta ne bai kwanta ba, wannan ƙyama ce, ba a tilasta mata. Hambaliyya su ne suka tsananta, suka ce sai an shayar da shukar da ruwa mai tsarki tukuna.

Ciniki ne ke da magana. Asali a wurinmu sharaɗin abin sayarwa ya zama mai tsarki, kuma an fi tsanantawa a kan bayan gidan ɗan Adam fiye da kashin dabbobi, duk da malamai sun yi rangwame a kan taki saboda lalura. Amma yadda ka kawo maganar, ba najasar kake saye ba, ladan ɗauko ta da kuɗin mai kake biya, wannan kuwa ijara ce. Wanda zai dafa ya zuba a buhu ya kai kasuwa, shi ne ya kamata ya zauna da malami a duba ko canzawar da ta yi ta fitar da ita daga hukuncinta na farko. Kuma halaccin ci bai ba kowa izinin cutar da maƙwabcin gona ko mai saye ba.

Injiniya Daga Abuja

Ni ɗan Sakkwato ne, aiki ya kawo ni nan. Abuja tana da matatar ruwan najasa a Wupa, inda bututu ke kawo na unguwannin da aka haɗa. A irin wannan matata ana hura iska a manyan tankuna, ƙananan halittu su cinye dattin, su kwanta a ƙasa, ruwa mai haske ya wuce. Abin da ya kwanta shi ne laka, kuma ko'ina a duniya ita ce ciwon kan masu matata, don kullum ƙaruwa take. Wasu suna rufe ta a tankin da ba iska ta fitar da gas na girki ko na lantarki, wasu su busar, wasu su ƙone.

Ko Turawan ba su daidaita a kanta ba. Birnin Milwaukee a Amurka tun 1926 yake busar da tasa yana sayarwa a buhu da sunan Milorganite. Suwizalan kuwa ta hana zuba ta a gona tun shekarun 2000, ƙonewa suke yi. Jihar Maine ta Amurka ta hana a 2022, bayan an gano sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, a ƙasa da rijiyoyi da madarar gonakin da aka daɗe ana zubawa. Jamus ta yi doka a 2017 cewa daga 2029 manyan matatu sai sun ciro fosfaras daga lakar. Abin dariya, mu da muke da duwatsun fosfet kwance a yankin Dange da Shuni, ga kuma wanda motoci ke zubarwa a bakin hanya, amma buhu muke jira.

Wanda ya fi kama da namu shi ne Gana. Manoman Tamale sun daɗe suna yin abin da direbanka ya kawo, mota ta juye a gona da rani. Masu bincike na IWMI, cibiyar nazarin harkar ruwa ta ƙasa da ƙasa, suka gwada busarwa da dafawa da sharar kasuwa a Kumasi, irin yadda Baba ya bayyana, har aka kai ga takin da ake sayarwa da sunan Fortifer.

Abu ɗaya da Baba bai taɓo ba: zafi yana kashe ƙwai, amma ba ya taɓa ƙarfe. Dalma da kadmiyam da kuromiyam in sun shiga ƙasa sun zauna. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, yara wajen 400 suka rasu, ko da yake can daga niƙan duwatsun zinariya ne. Sa'armu ita ce shaddar gida ba ta cika ɗaukar waɗannan da yawa ba, ba kamar lambatun Kano da ke haɗuwa da ruwan kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa ba. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yi, ta kamfani ce ke amfani da kuromiyam. Don haka ka san daga ina kowace mota ta fito. Gidajen kwana da makarantu, to. Asibiti, garejin makanikai, wurin masu gyaran batir, masu rini, a'a. Matsalar ita ce tanki ɗaya ke zagaya su duka.

Malamin Firamare, Dundaye

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Yaya duka. Ya haƙura da fadama, amma ya ce aikin tsibi da juyawa ya yi yawa, ga ruwan yayyafi da sai an saya a jarka a gonar tudu. Baba, in muka zaɓi ajiyewar shekara fa? Sannan ma'aunin zafi na asibiti zai yi?

Tsohon Duba-gari

Na asibiti ba zai yi ba, ɗana, iyakarsa digiri 42 ko kusa da haka. Akwai mai dogon tsinke na ƙarfe, ka tambayi masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje ko kayan kiwon kaji. In bai samu ba, soka rodi tsakiyar tsibin, bar shi minti goma, ka zaro. In kana iya riƙe shi a tafin hannu ba ka saki ba, zafin bai kai ba.

Ajiyewa ta fi sauƙi, kuma ga mai ƙarancin ruwa ita ce daidai. Sharaɗinta fage biyu ko rumbu biyu. Wanda aka busar a bazarar bana a kwashe a tara a wuri mai tudu, a yi masa rumfa ko a rufe da tamfol kada damina ta jiƙa shi, a kewaye da ƙaya saboda awaki da yara, a rubuta watan da aka rufe a jikin bango. Ba a ƙara ko cebur ɗaya na sabo, don ranar da aka ƙara lissafi ya koma farko. Wannan tarin ba na daminar bana ba ne, na baɗi ne, kuma ko a lokacin a gonar gero, a zuba kafin shuka a rufe da huɗa. Bana dai sai kun sayi buhu.

Kafin mota ta farko ta shigo, ka je ofishin lafiya na ƙaramar hukumar da gonar take ka sanar da duba-gari, ka kuma gaya wa mai unguwa da maƙwabtan gona, don wari da ƙuda na makon farko sai sun kai ƙara. Direban kuma ku yi da shi a gaban shaida cewa a fagen zai juye, da rana, kana tsaye. In ka bar shi ya saba da hanyar, wata rana da damina zai zo da dare ya buɗe mesa a tsakiyar shuka.